Dillaliyar da Ke Farawa da Aibin Gida

A bakin tsohon garin, inda gidaje ke fara ja da baya daga juna gonaki suna shiga tsakaninsu, akwai wata dillaliyar gidaje da kowa ke kira Anti Aibi. Ba zagi ba ne, ita ma takan amsa. Sauran dillalai idan suka kawo mai saye, falo suke fara buɗe masa, su yaye labule, su yi ta yabon iska da maƙwabta. Ita kuwa ta baya take zagayawa da mutum. Sai ta nuna masa inda katanga ta tsage, da inda ruwa ke kwanciya da damina, da tagar da gara ta ci, sannan ta ce, "To, ka ga abin da zai ɓata maka rai. In har yanzu kana so, mu shiga."

A shagon kayan gini ta koyi wannan hali, inda ta daɗe tana tsaron kanta tun tana budurwa. A can ta riƙa ganin waɗanda suka sayi gida wata ɗaya da ya wuce suna zuwa neman siminti fuska a murtuke. Shi ya sa har yau in ta ji warin sabon fenti a tsohon ɗaki, sai ta ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa ta tambaya, "Me aka rufe a nan?" Masu sayarwa sukan yi gunaguni, amma ƙarshenta wurinta suke dawowa, domin a duk yankin an san ba ta taɓa sayar da gida da ɓoyayyen aibi ba. Ba ta da ofis, ba ta da mota. Wannan shaidar ce kawai jarinta.

Ana nan sai ciwon gwiwa ya matsa wa mahaifiyarsu. Aka yanke shawara ta koma wurin autansu a cikin birni, kusa da asibiti, a sayar da gidan da aka haife su a ciki a gina mata ɗaki a can.

"Yaya, don Allah wannan karon ki rufa mana asiri," in ji Auta. "Gidanmu ne fa."

"Asirin wa zan rufa, naka ko na kwanon kicin?"

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zo duba gidan da mijinta, makaniki. Anti Aibi ba ta rage musu komai ba. Ta nuna musu yoyon kicin, da rijiyar da ke janyewa da rani, da saiwar mangwaron da ta ɗaga daɓen tsakar gida. Auta yana biye da su yana hararar yayarsa. Duk da haka baƙin suka dubi juna suka ce sun yarda, sun saya.

Har an fito ana sallama, sai matar ta tuna ta bar jakarta a ɗakin ciki. Ta koma, ta murɗa, ta tura, ƙofa ta ƙi. Anti Aibi ta je tana ci gaba da magana da makanikin, hannunta ya ɗan ɗaga mariƙin, ƙugunta ya doki katakon, ƙofa ta buɗe.

"Kai, Anti, ashe ƙofar ta san nata," matar ta faɗa tana dariya.

Anti Aibi ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon hannunta kamar na wata. Tun ba ta kai tsawon mariƙin ba take buɗe ƙofar nan haka, kuma ko sau ɗaya bai zo mata a rai cewa aibi ba ne. Nan take sauran suka faɗo mata: ɗazu ta tsallake matakalar tsakiya ba ta sani ba, ta sunkuya a bakin sito, ta murɗa famfo ta hagu kafin ta dama. A gidajen mutane idonta ke aiki. A nan kuwa jikinta ya riga idon, yana ta gyara wa gidan zama a gaban baƙi. Waɗannan ta tuna. Sauran da ba ta tuna ba fa?

"Cinikin nan bai faɗa ba tukuna," ta ce.

"Yaya! Sun ce sun saya!"

"Abin da na nuna musu suka saya." Ta zare makullai ta miƙa wa matar. "Sista, gobe ku zo ku wuni a ciki. Ku yi girki, ku yi wanki, ku buɗe duk abin da ke buɗuwa, ku ja duk abin da ke jawuwa. Babu ɗan gidan nan da zai taka ciki."

Washegari suka zauna su uku a barandar maƙwabciya. Auta ya juya wa yayarsa ƙeya. Mama tana shafa gwiwa tana sauraren ƙarar da ke fitowa daga gidanta. Da aka ji wani gum, sai ta ce, "Sito ke nan. Bawan Allah ya gaisa da shi."

Da la'asar baƙin suka fito, makanikin da ƙulu a goshi, matar rigarta a jiƙe. Suka ce ƙofa da famfo da matakala duk wasa ne, aikin yini ɗaya. Amma sun ja tsohuwar durowar ɗakin baya, suka tarar bangon ya yi baƙi da danshi tun daga ƙasa. Ɗakin kuwa 'yarsu suka yi wa niyyarsa, ita kuma tana fama da asma.

"Ki yi haƙuri, Anti, ba za mu iya ba."

"Ni ce da ban haƙuri," ta ce. Ta raka su har bakin titi, ta yi musu alkawarin wani gida a kan tudu, can wajen gonaki. Ta juyo tana sane cewa Mama za ta ƙara wata damina tana jan gwiwa a nan, kuma ita ta jawo.

Ba ta ga Auta a barandar ba. A ɗakin baya ta same shi, tsugune, tafin hannunsa a jikin bangon. Durowar nan tun babansu na da rai ba a taɓa gusar da ita ba.

"A nan gadona yake ina ƙarami," ya ce, bai ɗago ba. "Kin tuna tarin da nake yi duk damina? Mama ta ce ƙanƙara nake sha a makaranta."

"Ai kana sha ɗin," in ji Mama daga bakin ƙofa, tana dogara sanda.

Auta ya miƙe, ya goge hannu a wando.

"Yaya, kina da lambar mai gini na kirki?"

"Wanda zai fasa bangon, ko wanda zai shafa fenti?"

"Wanda zai fasa."

Ta zaro waya daga jaka ta fara nema.