Ƙarfen da Baba Yake Sawa a Kunne

Baba direba ne tun kafin a haife ni, kuma abin da ya fi alfahari da shi kunnensa ne. A tashar Agiye, idan motar wani ta soma wani kuka da ba a gane ba, shi ake kira. Yana da wani dogon ƙarfe siriri da yake ajewa ƙarƙashin kujera. Sai ya ɗora bakinsa ɗaya kan inji, ɗayan a kunnensa, ya lumshe ido, ya faɗi inda ciwon yake. Ina yaro na ɗauka babu abin da zai motsa a duniya bai ji ba, domin ko kwanon tuwo na buɗe a ɓoye sai ya yi gyaran murya daga zaure.

Motarsa tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, tana ɗaukar buhunan gero da wake da mutane zuwa kasuwar Gazawa. Da na zo gida hutun lakol, makarantar da nake koyarwa, tun kafin in gan ta na ji ta. Ƙararta ta ninka wadda na sani, har awakin maƙwabta suna watsewa. Na dubi Inna, ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗe. Abin ya ɗaure mini kai: mutumin da ba ya barin ko ƙusa ta yi ƙara, ya bar motarsa tana wannan ruri?

Ranar kasuwa na bi shi. Muna kan hanya na ɗaga murya na ce, "Baba, kamar motar ta ƙara ƙara."

Ya yi dariya, ya kira ni da sunan da ya saba kirana. "Mushe ke nan! Alli ka sani. Motar ga ba ta taɓa kwantar da murya kamar bana ba. Ko numfashinta ba ka ji."

Can gaba wani mai babur ya biyo mu yana ta oda, Baba bai kauce ba sai da ya gan shi gefen taga. A shingen jandarma aka busa usur, ya wuce abinsa, sai da na taɓa hannunsa ya taka birki. Mota dai tana da nata ciwon, amma wanda ya fi ba ni tsoro yana kan kujerar direba, ga mutane cike a baya da buhuna.

Yadda zan gaya masa ne ya gagare ni. A gidanmu ɗa ba ya duban ubansa ya ce masa ya tsufa, balle ya ce abin da aka san shi da shi ya tafi. Na kai maganar bakina na mayar ya fi a ƙirga, har na ji haushin kaina.

Da la'asar, kasuwa ta fara watsewa, muna ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na ce, "Baba, koya mini sauraren inji mana."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya tayar da mota, ya ɗaga murfin inji, ya ɗauko ƙarfen. Ya sa a kunnen dama, ya lumshe ido. Ya daɗe. Ya mayar kunnen hagu, ya matsar da ƙarfen wani wuri, ya sake mayarwa dama. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Daga nan ya miƙo mini.

"Mi ka ji?"

Na ce daga sama tana tafiya daidai, kamar keken ɗinki. Ya sa na gangara da ƙarfen ƙasa, wajen da bututun hayaƙi ya haɗu da inji. Na ce nan kam wani buf-buf nake ji mai ƙarfi. Ya sunkuya, ya kai tafin hannunsa kusa da wurin ba tare da ya taɓa ba, iska mai zafi tana bugunsa. Ya nuna mini baƙin hayaƙi da ya taru gefen wata tsaga.

"Ga ta nan, ta tsage. Walda ce kawai." Ya tsaya yana duban tsagar. "Tsaga irin wagga, tun daga bakin gari ake jin ta."

Ya juyo gare ni.

"Tun yaushe?"

"Inna ta ce tun damina."

Ya maimaita, "Tun damina," a hankali. Ya goge hannunsa da tsumma, ya rufe murfin, ya share ƙarfen tas kamar yadda ya saba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa, na shiga ɗaure buhunan da ke ɗaure tun ɗazu.

Da fasinja suka gama hawa, na nufi ƙofata, sai na tarar Baba yana zaune a wurina. Makulli na jikin mota. Na zagaya na zauna bayan sitiyari. Muka kama hanyar Agiye, mota na ta rurinta. Ya ɗora tafin hannunsa kan ƙarfen gaban mota, ya lumshe ido, yana jin karkarwarta. Da muka zo hawa, tun kafin ni mai kunne in lura, ya ce, "Canza giya, Mushe. Tana wahala."