Jarumin da ke shayar da kwalta

Jiya a tashar Tasawa ina duba sabon littafin zanen jarumai, sai Kawu Idi, manomi daga Issawane, ya leƙo. Jarumin ciki da hannu ɗaya yake kiran ruwan sama.

"Wanga mai jan mayafi, ina yake zuba ruwan?"

"Kan mugu, Kawu, a tsakiyar birni."

"Hatsinmu na ƙonewa, shi yana wanke kwalta? Madalla!"

Ya ture littafin. "Mun san irinsu, ɗana. Namu ma da kaki suka zo cetonmu, ta rediyo. Rumbuna kuwa har ɓera ya yi ƙaura."

Zane dai ya yi kyau, ba laifi. Ku da kuka karanta har ƙarshe, akwai shafin da ya bi ta gona?