Ƙwayoyin Sadiƙa Ba na Aro Ba Ne

A unguwar Roumdé Adjia ta Garwa babu wanda bai san ƙarar keken ɗinkin Sadiƙa ba. Kakanta falke ne da ya zo Garwa daga Kano ya ƙi komawa. Ita nan aka haife ta, nan mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, kuma shekara ashirin da bakwai ƙafarta ta dama ce ke taka keken da ke ciyar da gidan. Mace ce mai sakin hannu: gishiri, gawayi, zare, ka yi sallama ka ɗiba. Haƙuri ne kawai ba ta bayarwa, don ita ma bai ishe ta ba.

Bara da damina salansar babur ta ƙona mata ƙauri. Ta shafa man goge haƙori kamar yadda kowa ke yi, ta koma kan keke. Cikin sati uku ƙafa ta kumbura suntum, zazzaɓi ya kayar da ita. A asibiti aka ɗebi jininta, sai Madam Edwige, ma'aikaciyar jinya, ta ɗora yatsa kan haruffa uku a takarda: CRP.

"Mama, wannan ba ya faɗin sunan ciwo, ƙarfin kumburin da ke cikin jiki yake nunawa. Na mai lafiya ƙasa da shida ne. Naki ɗari da arba'in da takwas."

"Kai! Kuma ina zaune muna hira?"

"Ciwon ya taɓa ƙashi. Sati shida za ki sha magani, ko ƙwaya ɗaya kar ki tsallake. In kin tsaya a hanya ya dawo, dokta zai yi maganar yanke ƙafa."

Sadiƙa ba ta yi boko ba, amma wadda ta tsufa da tef ɗin awo a wuya ba a maimaita mata lamba.

To, a unguwar tasu magani ba na mutum ɗaya ba ne. Da zarar zafi ya sauka, ragowar ƙwayoyi ta zama ta jama'a: biyu ga mai ciwon haƙori, uku ga mai tari. Bayan sati biyu gyambon ya rufe, sai ga Goggo Kaltumi, ƙanwar mahaifinta, ta zo barka.

"Jam na, 'yar nan? Kin miƙe, alhamdulillahi. Ba ni huɗu, maruru ya hana Malam zama."

"Goggo, ban warke ba. Analis ɗin jiya, gwajin jinin nan, arba'in da ɗaya ya nuna."

"Arba'in da ɗayan me? Ga ki kina tafiya!"

"Fata ce ta rufe. Ki kai Malam lopital dokta ya duba shi, ni ma zan raka ku. Amma ƙwaya ko rabi ba zan ba da ba."

Goggo ta yafa mayafi ta fice ko sallama babu. Kafin la'asar labari ya gama unguwa: Sadiƙa ta hana goggonta magani saboda wata takardar Nasara. Matan da ta yi wa ɗinkin aure suka aiko a karɓo musu yadinsu na Sallah. Abin ya yi mata ciwo fiye da ƙafar, har ta yi kuka ita kaɗai. Ta share ido, ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zanenta, ko wanka da su take shiga.

Gwaji na gaba ya nuna goma sha tara. Na bayansa tara. Ranar da sati shida ya cika, Madam Edwige ta miƙa mata takarda tana dariya: huɗu.

A hanyar gida ta tarar da Goggo a ƙofar gidanta cikin mata. Ta durƙusa ta gaishe ta. Goggo ta kau da kai.

"Marowaciya ta dawo," in ji ta. "Allah ya sa rowar ta yi rana."

Sadiƙa ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta karkaɗe gwiwa.

"Ta yi, Goggo. Ki zage ni ina tsaye da ƙafata biyu. Ya fi mini a kan ki zo dubiya kina yabona ina da ɗaya."