Shekarar da Disa Ta Kasa Cin Skata

A garinmu in ka ce Arndis, ba wanda zai waiga. Ka ce Disa, kowa ya san wadda kake nufi. Mun haura shekara ashirin muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a gidan gyaran kifi na bakin ruwa, ita tana feɗewa ni ina cire ƙaya, kuma har yau ban san wanda ya fi kaifi ba tsakanin wuƙarta da bakinta.

'Yar masunci ce, jikar masunci. An haife ta a gidan nan mai jan rufi na gindin dutse, inda rana ba ta leƙo mu tun daga Nuwamba sai ƙarshen Janairu. Sunan ma ba iyayenta suka zaɓa ba. Tana ciki, wata gwaggonta da ta daɗe da rasuwa ta zo wa uwar a mafarki ta nemi wurin zama. A wurinmu kowa ya san fassarar wannan: mamaci ya zo neman suna, kuma ba a hana shi. Har fastonmu, da yake cewa camfi ne, sunan kakansa yake amsawa ta wannan hanyar.

Disa ta bar makaranta da wuri, ba don kanta ba ya ja ba, zama wuri ɗaya ne bai karɓe ta ba. Ta taɓa tafiya Reykjavik, babban birnin ƙasarmu, da niyyar zama, ta dawo kafin sanyi ya fita. Ta ce mutanen can ba su san wanda ya haifi kowa ba, kuma kifinsu na jiya ne.

Ta daɗe ba ta yi aure ba, har mun cire rai, sai ga ta da Torfi mai gyaran injin jiragen ruwa. Torfi mutum ne da za ku yini tare a mota ka ji kalma uku daga bakinsa, biyu a kan iska. Mun yi ta mamakin wannan haɗi, amma mahaifiyarsa Rannveig ta ce, "Haka ya fi. Gida ɗaya ba ya ɗaukar masu surutu biyu." Tsohuwar tana son Disa ƙwarai, ko da yake kullum sai sun yi musu a kan yadda ake dafa miyar rago.

Da Disa ta samu cikin farko, ta shelanta wa duk gari tun kafin ta cire takalmin aiki. Torfi kuwa aiki ya kama. Ya bi bakin teku ya tsinto itacen da ruwa ke kawo mana, tunda mu ba mu da bishiya, ya zauna ya sassaƙa gadon jariri da hannunsa. Cikin bai kai wata uku ba ya zube. Na biyu ya ɗan fi daɗewa, shi ma ya tafi, a shekarar da Rannveig ta rasu. Torfi ya ɗauki gadon ya kai rumfar da yake aiki a bakin ruwa, ya lulluɓe shi da tamfol. Ba wanda ya ga hawayensa, amma ya rame har wandonsa yana zamewa, kuma kalmomin nan uku ma suka ɗauke.

A lokacin ne Disa ta ce min, muna wanke wuƙaƙe, "Ragna, ciwon jikina na iya da shi. Fuskar mutumin nan ce ban iya kallo ba. In Allah ya sake kawowa, ba zai ji ba sai rigata ta ƙi shiga."

Shekaru suka wuce, ta haura arba'in, maganar ta mutu a gidan. Tana nan da barkwancinta a wurin aiki, amma na lura ta daina karɓar jariran mutane idan an miƙo mata.

To, ana saura kwana biyu Kirsimeti, ranar skata ce. Skata kifi ne mai faɗi da muke ajiyewa ya ruɓe har warinsa ya riƙa sa ido hawaye, sannan a dafa a ci da dankali da narkakken kitsen rago. Duk gari a zauren taro ake haɗuwa, kowa da tsofaffin kaya, don warin ba ya fita daga tufafi sai bayan sabuwar shekara. A wannan fage Disa ba ta da na biyu. Ita take zaɓar wanda ya fi ruɓewa, ta cinye faranti biyu, tana tsokanar malaman makaranta 'yan kudu da ke toshe hanci.

A bana ta shigo tana murza hannu, tana cewa a ba manya wuri. Aka ɗaga murfin tukunya. Sai na ga fuskarta ta canja, ta dafe baki, ta juya ta yi waje har tana ture kujera.

Wani tsohon matuƙin jirgi ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Disa, ko kin koma 'yar Reykjavik ne ba mu sani ba?" Aka kwashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba, 'ya'ya huɗu na haifa. Na bi ta, na same ta a bayan zauren a durƙushe cikin ƙanƙara tana amai.

"Wani abu na ci jiya," in ji ta.

Na ce, "Ke da hanjinki ke narka ƙusa? Yaushe rabonki da al'ada?"

Ta goge baki. "Ta ɗan yi jinkiri. Ai shekaru ne, Ragna. Na ɗauka tafiyar ke nan."

"To mu tambaya mu ji."

Shago ɗaya gare mu a garin, mai shagon kuwa ta fi rediyo saurin kai labari. Don haka ni na shiga, da furfurata da komai, na ajiye tsinken gwajin ciki a gabanta. Ta dube ni ta saman tabarau. Na ce, "Me kike kallo? Ba a yanke ƙauna." Har gobe ba ta gama warware wannan ba.

A banɗakin gidana Disa ta yi gwajin. Da ta daɗe ba ta fito ba na tura ƙofa, na same ta zaune a bakin bahon wanka, tsinken a hannunta, layi biyu ɓaro-ɓaro. Na taɓa ganin mace ta yi murna, na taɓa ganin mace ta tsorata, amma ban taɓa ganin su biyun sun cika fuska ɗaya haka ba. Tausayinta ya kama ni.

Ta ce, "Ba zan gaya masa ba."

"Disa, nasa ne fa."

"Shi ya sa. In ya zauna, zai gani da idonsa. In bai zauna ba, ni kaɗai na sani, ni kaɗai zan yi kukana. Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Na rantse, ba da son raina ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan na sani. Amma na kuma san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aka yi Kirsimeti, aka shiga sabuwar shekara. Disa tana amanta a ɓoye, tana buɗe famfo don kada a ji. Ta daina shan gahawa ta ce ƙwannafi ke damunta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun da ta koma yi, har 'yan wurin aiki suna tambaya ko an yi mata rasuwa. Shi ma Torfi sai ya sauya. Ya riƙa sammakon fita zuwa rumfarsa, ba ya dawowa sai abinci ya huce, kuma ba ya yarda su haɗa ido. Ta ce min, "Kin gani ko? Ya gaji da gidan da ba kowa a ciki." Na ce mata ba haka ba ne, amma ni ma ban san ko mene ne ba.

Wajen ƙarshen Janairu, muna tsakiyar aiki, ta dawo daga banɗaki ta kama hannuna da ƙarfi. Ta ga ɗigon jini. Ban ko cire rigar leda ba na sa ta a mota, muka bi ramin da aka huda cikin dutse zuwa babban gari, wurin ungozoma.  Ungozomar ta shafa mata mai a ciki ta ɗora na'ura, ta daɗe tana nema, sannan ta juyo mana da allon. Wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, da wani ɗigo a tsakiyarsa yana bugawa da sauri. Ta ce lafiyarsa ƙalau, jinin ba na damuwa ba ne, amma a rage tsayuwa.

A hanyar dawowa ne kukan ya zo mata. Na tsaya a gefen titi na bar ta ta yi mai isarta.

Ta ce, "Ragna, da ya tafi yau fa? Da na koma gida na dafa wa Torfi kifi, na zauna a gabansa ina tambayarsa ya aiki. Ɗansa ya zo duniya ya koma, bai ko san ya zo ba."

Na ce, "To, ke kika faɗa, ba ni ba."

Washegari ce ranar da rana take fara leƙo mu ta saman dutse, ranar da kowane gida ake soya fanke a sha gahawa. Disa ta soya nata, ta naɗe a tawul, ta nufi rumfar Torfi da tsakar rana. Abin da ya faru a ciki ita ta ba ni labari, shi kuma daga baya ya cike min inda ta tsallake.

Ta tura ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba. Ba inji a gabansa. Tamfol ɗin yana ƙasa a ninke, gadon jaririn yana kan teburin aiki, Torfi yana goge shi da tsumma da mai, itacen har yana ƙyalli. Ya ɗago, ya tsaya da tsumman a hannu kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Ta ce, "Wa ya gaya maka? Ragna ce ko? Wallahi sai na feɗe ta."

"Ba wanda ya gaya min komai."

"To wannan fa?"

Ya daɗe yana juya tsumman. Sannan ya ce, "Mama ce ta zo. Tun farkon Disamba. Na gan ta a mafarki ta shigo, ta cire takalmi a bakin ƙofa yadda ta saba, ta rataye rigar sanyinta. Ta ce, Torfi, akwai wuri a gidan nan?"

Disa ta nemi akwatin kifi ta zauna. "Shi ne ba ka faɗa min ba?"

"In na faɗa, kuma ya zama ba komai, na fama miki ciwo a banza. Sai na ji an ce kin gudu daga skata. Ranar na yaye tamfol."

"Kuma ka kasa tambayata? Wata guda muna kwana gado ɗaya?"

"Kin yi shiru, Disa. Tunda na san ki ba ki taɓa yin shiru ba. Na ce akwai dalili, bari in jira." Ya dubi gadon. "Kallonki ne na kasa yi, don na san fuskata za ta tona ni."

Ta ce dariya da kuka suka taso mata tare, ta rasa wanda za ta fara. Ta kamo hannunsa, da man da komai, ta ɗora a kan mararta. "To ga shi, ina faɗa maka da bakina. Ina da ciki, ya kusa wata uku. Jiya na ga zuciyarsa tana bugawa, kuma na yi baƙin ciki da ba ka wurin." Ta riƙe hannun da kyau. "Amma ka sani, zai iya tafiya kamar na baya. Ba ni da wani alkawari da zan yi maka."

Torfi ya gyaɗa kai. "Mama ba ta ce kwana nawa za ta yi ba. Wuri kawai ta tambaya. Baƙo kuwa ba a tambayarsa yaushe zai tafi kafin a ba shi masauki. In ma tafiyar ce, wannan karon mu biyu za mu yi rakiya."

Disa ta ce tunda ta aure shi bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba.

Ni ina bakin tagata da kofin gahawa lokacin da suka fito. Rana ta ɗan taɓa rufin coci, mutane sun firfito suna kallonta. Sai ga su nan sun biyo tsakiyar titi, Torfi ya rungumo gadon, Disa tana gefensa ta riƙe ƙafar gadon ɗaya, wai ita ma tana ɗauka, tawul ɗin fanken yana ciki ba a ko taɓa ba. Matar da ta ce ko mijinta ba zai ji ba sai rigarta ta ƙi shiga, ga ta ta ratsa gari da gadon jariri da rana tsaka.

Ba wanda ya yi musu barka, mun san bai kai lokaci ba. Tsohon matuƙin nan da ya tsokane ta ranar skata ya matsa gefe ya ba su hanya, ya cire hularsa. Mai shago ta fito bakin ƙofa, ta buɗe baki, sannan ta rufe. Suka wuce har gida, Torfi ya tura ƙofa da kafaɗa, suka shigar da gadon tare.