Falle Goma Sha Biyu a Ƙarƙashin Kujerar Direba

A shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai, kowa a Rano yana neman abin da zai zama. Wani akawu, wani malamin gona, wani ɗan doka. Ni na riga na zama. Direban babbar mota ne ni, ina kwaso gyaɗa da mutane daga Kibiya, in biyo ta Rano, in zarce Kano. In na danna oda a bakin kasuwa, kajin ƙauyen Kahu ma sai sun kwana uku ba su yi ƙwai ba. To duk girman nan nawa, wani tsoho mai ido ɗaya da rabi ya zaunar da ni a kan buzu kamar ɗan yaye. Saboda mace.

Bazawara ce, mijinta ya rasu, 'yar tsohon nan ce, malami a Kibiya, ita ke karantar da matan unguwarsu. Sau ɗaya ta shiga motata za ta gaisuwa Rano, da ta sauka ta ce ina tuƙi kamar wanda kunama ta harba. Shi ke nan na rasa sukuni. Na tura kawuna da goro, ya dawo yana dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Malam bai hana ka ba, ita ma ba ta ƙi ba. Amma ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai sauke littafi a zaurensa ba. Haka ya yi wa surukansa huɗu."

Na ce, "Kawu, ai na yi allo, na san sallata."

"Shi ya sa ya ce waƙa za ka karanta."

Na yi murna, na ce waƙa ai gidana ce. Ashe waƙoƙin Larabawan dauri ne, mutanen da suka mutu tun kafin a haƙa rijiyar farko a Kano.

Tsarin zaure kuwa ɗaya ne. Kai ka ja baƙi, wato ka karanto Larabcin layi guda, malam ya fassara maka da Hausa, ka ce na'am. Shi Malam idonsa a rufe yake fassarawa. Kwana ashirin muka yi a kan taguwa ɗaya, wato raƙumar wani mawaƙi. Wuyanta, kunnenta, yadda take taka yashi, yadda take kora ƙuda da jela. Ran nan na gaji.

"Allah gafarta Malam, wannan taguwar yaushe za ta isa inda za ta? Da motata ce da mun je mun dawo sau tara."

"Motar taka wa zai tuna da ita in ta mutu?"

"Maƙera, Malam."

"To wannan ta fi shekara dubu da mutuwa, ga ka nan kana shafa wuyanta. Ja."

Abin da ya fi ƙona min rai, kowane mawaƙi da kufai yake farawa. Gardi da gemunsa, ya tsayar da abokan tafiya a tsakiyar rana, ya tsaya yana kuka a kan kashin awaki da duwatsun murhu, wai a nan mutanensa suka taɓa zama. To sun tashi mana! Ka bi su! In kuma na yi sauri don in wuce wurin, sai in ji gyaran murya daga bayan ƙyauren cikin gida.

"Baba, a ce wa direba ya rage gudu, ya take kalma biyu."

A tasha kuwa akwai wani akawun En'e, mai alƙalami uku a aljihu, kullum gidan gaba yake zama in za shi Kano. Ya ce da ni, "Turawa za su tafi, ana neman masu Turanci ruwa a jallo, kai kana can kana haddace sunayen raƙumi." Abin haushin, na yarda da shi.

Littafin rubutun hannu ne, ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne a cikin gafaka, kuma Malam kan bar ni in tafi da shi gida in yi bita. Na auna kaurinsa da yatsa, na ga in aka bi a hankali sai haƙorana sun zube za a ɗaura auren. Na tuna idon Malam. Na zare falle goma sha biyu daga tsakiya, na cusa a ƙarƙashin kujerar mota, na ce hanya ta ragu.

Washegari da hantsi na kai ƙarshen shafi, na juya, na ja layin da ke gabana. Malam bai buɗe ido ba, ya fassara layin da ya kamata ya biyo. Na ce na'am. Na ja na gaba, ya fassara nasa na gaba. Ni ina karanta ruwan sama, shi yana bayanin kufai. Mun yi layi biyar a haka, kowa da hanyarsa, sai dariya ta ƙwace a bayan ƙyaure.

Malam ya ce, "Ja inda nake."

"Ba ya nan, Allah gafarta Malam."

"Ina ya tafi?"

"Ƙila gara ce."

"Garar da ke cin falle goma sha biyu cif, ta bar na gaba da na baya lafiya lau? Je ka gaya wa garar ta dawo da su kafin la'asar. In ba haka ba kawunka ya zo ya ɗauki goronsa."

Na ruga tasha, na ɗaga kujera. Galan ɗin baƙin mai ya tuntsure. Falle bakwai sun yi baƙi ƙirin, ko ɗigo ba ka gani. Na kai masa a haka. Ya daɗe yana shafa su da yatsa, sannan ya ce kakansa ne ya rubuta.

Ya ce, "Zauna. Ni zan faɗa, kai za ka rubuta."

Wata biyu, jama'a! Hannun da ya saba kokawa da sitiyari aka ba shi alƙalamin gamba. Na karya ya fi ɗari. In na yi kuskure a layin ƙarshe, a koma na farko. Kuma waɗanda suka ɓaci ɗin duk na mai kukan kufai ne. Shafi ɗaya sau goma sha ɗaya na rubuta shi, har ina jinsa a cikin ƙarar inji.

Cikin damina ruwa ya cinye hanya, na zaga ta wajen Zinyau. A nan aka haife ni, a wani ɗan ƙauye da ya watse da rijiyarsu ta ƙafe, ina ɗan shekara bakwai. A nan aka binne innata. Na wuce wurin ya fi sau hamsin ban waiwaya ba. Ran nan na hangi duwatsu uku a gindin kuka, sai ƙafata ta taka birki da kanta. Na sauka.

Wani fasinja ya ce, "Direba, fanca ce?"

Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Ɗan nan, in fitsari ne ai ba sai ka yi nisa ba!"

Na tsaya a kan duwatsun. Murhunmu ne, na gane wanda ya tsage. Sai na ji bakina yana jan layukan nan, na ga kuma mawaƙin bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Na yi kuka, da gemuna, da rana tsaka, mota cike da mutane. Akawu yana gidan gaba yana kallo. Kafin yamma duk Rano an ji iska ta taɓa direba.

Labarin ya riga ni zuwa Kibiya. Malam ya ce, "An ce ka tsayar da mutane a daji."

"Inji ne ya yi zafi, Malam."

"Injin ne ya yi kukan?"

Ya ce in faɗi abin da na faɗa a can. Na ja masa da ka, ba takarda. A bayan ƙyaure ba dariya, ba gyaran murya, sai da na kai ƙarshe.

Ya ce, "Saura falle arba'in. Ka ƙarasa su kana suruki. Kawunka ya zo ran Juma'a."

Falle arba'in ɗin nan shekara tara suka ɗauke ni, don bayan Malam ya rasu ita matar tawa ta karɓi karatun, kuma ta fi ubanta tsanani nesa ba kusa ba. Littafin yana nan a gafakarsa. Ɗalibai in suka iso falle bakwai na tsakiya sai sun tambayi wace kaza ce ta yi rubutun. Taguwar dai har yau ban yafe mata kwana ashirin ɗina ba.