Daɓen Yayata da Na Fasa

A lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da yin ritaya ba. Na gama aikin gwamnati a Katsina, na dawo Daura da ɗan abin da aka sallame ni da shi, na tsaya da kaina a kan ginin gidan da zan ƙarasa rayuwata a ciki. Ni mutum ne mai son a ce da ni wane, wannan kuwa ban ɓoye ba. Gini ya kai ƙarshe, aljihu ma ya kai, saura ƙasan garejin da zan riƙa ajiye tsohuwar motata.

Ina da yaya mace a wani ƙauye kusa da Zango, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Duk yankinsu an san ta da iya daɓe. Da ta ji halin da nake ciki sai ta aiko cewa kada in sayi ko buhun siminti ɗaya, ita za ta yi mini. Ta zo da mata shida, aka zuba marmara, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, suka durƙusa kwana uku suna bugu da madaɓi suna waƙa. Ranar da suka gama tafin hannunta duk ya yi bororo, amma sai dariya take, tana tsokanata wai yaron da ta yi wa wanka ne yau ya zama mai gareji. Daɓen ya fito jawur, sumul, har ƙyalli yake yi.

Bayan mako biyu wani tsohon abokin aikina ya kawo mini ziyara. Ya leƙa garejin, ya kwashe da dariya, wai ashe darakta guda a ɗakin kakarsa yake kwantar da mota. Wasa yake yi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Na je na sayo ragowar tayil mai santsi da aka karyar mini da kuɗinsa, na kira birkila. Sai da ya yi yini biyu da diga kafin ya fasa daɓen, yana ta mita cewa wannan aiki ya fi simintin yanzu ƙarfi, me ya sa za a ɓata shi. Na ce ya yi abin da aka kira shi yi. Yaya kuwa ban gaya mata ba.

Da damina Yaya ta zo duba mu, ta kawo mana daddawa da kuka. An ɗauke ruwa ke nan, ko zama ba ta yi ba ta nufi gareji don ta ga yadda aikinta ya jure. Taku biyu ta yi da jiƙaƙƙun silifa, santsi ya kwashe ta. Ƙashin ƙugunta ya karye.

A gadon asibiti ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni a hankali ko daɓen ne ya tsage har na canza shi, domin ita ma ta san ƙarfinta ya fara ƙarewa. Wallahi kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ɗaga mata kai. Ta ce in yafe mata, ta ɓata mini gida.

Yau da sanda take tafiya, ba ta iya durƙuso, ta ba da madaɓinta kyauta. Tayil ɗin ko shekara bai yi ba ya farfashe a ƙarƙashin tayar mota. A lungun ƙofa akwai ɗan guntun daɓen da diga ba ta kai gare shi ba, ko tsaga babu, kullum na fito da mota sai na gan shi.

Abin da na koya shi ne, dariyar baƙo ta minti ɗaya ce, amma wanda ya durƙusa ya yi maka aiki saboda ƙauna, shi za ka ci gaba da kallo har ƙarshen rayuwa. Masu gini, kada ku raina abin gida don gudun bakin mutane. In kuma kun yi kuskure, kada ku bar mai gaskiya ya ɗauki laifin. Jibi zan je ƙauyen, in Allah ya yarda, in gaya mata daɓenta bai taɓa tsagewa ba.