Ranar da Aka Auna Hafsat

Har yau ban manta da ranar da aka tura mu awon yara a wata makarantar firamare da ke kusa da Ƙofar Ran ba. A lokacin ni ce babbar jami'ar lafiya a rukuninmu, watau ni ke kula da aikin ƙananan ma'aikata idan mun fita. Tsarin aikin ba wuya: a auna nauyin yaro da tsawonsa, a dubi shekarunsa, wanda awonsa ya kauce a ware shi a yi masa tambayoyi. Galibi ramammu muke nema. Yaro mai ƙiba kuwa, a unguwa cewa ake yi ɗan hutu ne.

'Yata Hafsat tana aji huɗu a makarantar. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga dalili ba. Na bar Rifkatu a kan aikin sikeli, wata sabuwar ma'aikaciya 'yar Bogoro da ba ta daɗe da zuwa wurinmu ba, ni kuma na shiga ofishin hedimasta.

Da na dawo sai na tsaya a bakin ƙofar ajin. Rifkatu ta ware yarinya ɗaya ta zaunar da ita a benci. Hafsat ce.

"Me kike ci da safe?" in ji Rifkatu.

"Fanke da lemon kwalba. A bakin get nake saya."

"Da rana fa, wa ke dafa miki?"

"Ni ce. Na iya dafa taliyar leda. In ban ƙoshi ba in ƙara."

"Kina fita wasa?"

"Mama ta ce in na dawo in kulle ƙofa. Sai dai kallo."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ina tashi daga asibiti in wuce wani kemis da nake taimakawa da yamma. Babanta direba ne a Gubi, tun asuba yake fita. Ganina shi ne muddin yarinya tana kulle a gida kuma ba ta jin yunwa, na sauke nauyi.

Rifkatu ta hango ni, ta ce, "Anti Larai, zo ki gani. Nauyin yarinyar nan ya wuce ƙa'ida sosai, hawa matakala kaɗai tana haki. Wace irin uwa ce wannan? Dole a kira ta."

Hafsat ta washe baki, ta nuna ni. "Ai ga ta nan."

Malamin ajin ya sunkuyar da kai, Rifkatu ta dafe baki. Ni da na sha tsayawa gaban mata ina yi musu faɗa a kan abincin yara, na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce, "Rubuta abin da kika gani, kamar na kowa."

A cikin keke muna komawa Rifkatu ta yi ta ba ni haƙuri. Na ce ta daina, aikinta ta yi.

Washegari na samu shugaban sashenmu, Malam Sabo, na roƙi a riƙa sakina da wuri. Ya ce, "Hajiya, in na yi miki, sauran matan fa? Kowacce da 'ya'ya." Bai ba ni izini ba. Sai na ajiye aikin kemis, gida ya ji a jikinsa. Na koma dafa wake da ganye, da la'asar mu taka zuwa gidan yayata. Hafsat ta yi fushi da ni makonni saboda lemo. Jikinta bai sauka da sauri ba, amma hakin ya tafi.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, za ku riƙa ganin irin waɗannan yaran, 'ya'yan ma'aikatan banki, da 'yan kasuwa, da namu na asibiti. Kafin ku tambayi uwa me ɗanta yake ci, ku fara tambayarta ƙarfe nawa take komawa gida. Ni tun daga ranar ban sake ɗaga wa wata uwa murya a layin awo ba.